Idon da zai makance ba lallai ya yi ciwo ba

Laccar da wani likitan ido ya gabatar a wani zauren taro cikin birnin Kano, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, 'yan uwa maza da mata, ina yi muku barka da yamma.

Mu a nan Kano mun saba auna cuta da zafinta. In ido ya yi ja, yana ƙaiƙayi, yana kwantsa, irin na apolo, kafin azahar an je kemis. Abin da zan yi magana a kansa yau, wato yagewa da ɗagowar tantanin cikin ido, ba ya zafi ko kaɗan, ido yana nan fari tas, amma ya fi apolo haɗari nesa ba kusa ba.

A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani da ya shimfiɗu a bangon ciki, mu likitoci muna ce masa retina. Shi ne ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Gabansa kuma akwai wani ruwa mai yauƙi da ya cika ƙwayar idon. In shekaru suka ja, musamman daga hamsin zuwa sama, ruwan nan yakan tsinke ya janye jikinsa daga tantanin. Ga yawancin mutane yana rabuwa lafiya lau. Ga wasu kuwa sai ya fizgi tantanin ya yaga shi. Kun san bangon ƙasa in ya tsage kafin damina: tsagar ba komai ba ce, amma in ruwa ya samu hanya, yaɓen gaba ɗaya yake ɓamɓarowa. Haka ruwan cikin ido yake bi ta yagar nan ya shiga bayan tantanin ya ɗaga shi. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Jules Gonin, shi ya tabbatar a shekarun 1920 cewa yagar ce tushen matsalar, in an toshe ta an tsira.

To me mutum zai gani? Masu zuwa wurinmu ga yadda suke faɗa. "Likita, ƙudaje nake gani, in na kora ba sa tafiya." Wani ya ce saƙar gizo-gizo, wata ta ce kamar an watsa mata toka. Ku lura, ɗigo ɗaya ko biyu da mutum ya daɗe yana gani shekara da shekaru, wannan ba shi nake nufi ba. Wanda nake tsoro shi ne na farat ɗaya, jiya babu yau sun cika ido. Sai walƙiya a gefen ido, an fi ganinta cikin duhu, mutum ya fito sallar asuba ya ga wal-wal alhali babu hadari a sama. In kuma aka kai ga inuwa ta fara tasowa daga gefe, ko daga sama ko ƙasa, tana cin ganin mutum, to tantanin ya riga ya fara ɗagowa. Wannan ba a kwana da shi.

Cikin waɗanda ƙudajen nan da walƙiya suka zo musu kwatsam, kusan ɗaya cikin goma in an duba za a tarar da yaga. Tara za su koma gida da kwanciyar hankali. Amma ba mai iya sanin ko shi ne na goman sai an leƙa.

Waɗanda ya kamata su fi kula: masu sa tabarau mai kauri saboda ba sa hangen nesa, waɗanda aka yi wa aikin yanar ido, wanda ya taɓa buguwa a ido, ko a ƙwallo ko a hatsarin adaidaita sahu, da wanda abin ya taɓa samun ɗan gidansu ko ɗaya idon nasa. Masu ciwon suga da masu sikila su ma tantaninsu na cikin haɗari ta wata hanyar, su riƙa zuwa ana dubawa ko ba su ga komai ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne jinkiri. A fara da kwalli, a koma maganin ɗigawa na kemis, a ce hawan jini ne, a ce bari a ga bayan Juma'a. Don Allah ku ji ni da kyau: babu maganin ɗigawa ko na sha da ke ɗinke yagar nan. In an zo da wuri, da hasken leza ake zagaye ta a like, ko a daskarar da wurin da sanyi, yawanci ko kwanciya ba a yi. In aka bari tantanin ya ɗago har ya kai tsakiya, inda muke karatu da gane fuska, sai babbar tiyata, kuɗi mai yawa, kuma ganin ba lallai ya dawo yadda yake ba.

Wuraren zuwa muna da su: sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Asibitin Murtala, Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari, da Asibitin Ido na Makka.

(Wata baiwar Allah ta tambaya ko gwajin da ake yi a shagon tabarau ya wadatar.)

Hajiya, Allah ya saka da alheri, tambayar nan ta yi. Bai wadatar ba. Mutum zai iya karanta allon haruffan nan har layin ƙarshe alhali yagar tana can gefe. Sai an ɗiga maganin da ke buɗe baƙin tsakiyar ido, a jira kamar rabin awa, sannan likita ya haska ya duba har lungunan. Bayan nan gani zai yi dishi-dishi na wasu awanni, rana kuma za ta dame ki, don haka ki tafi da wanda zai rako ki gida. Maza kuma kada ku tuƙa mota ko babur ranar. In kun isa wurin yankar kati, ku faɗa musu ƙarara cewa walƙiya da ƙudaje ne suka fara muku kwatsam, ku faɗi ranar da suka fara, don kada a ba ku ranar dawowa bayan wata guda.