Basar: ƙauyen da ake kai yaro ya rubuta harafinsa na farko

Kogin Godavari shi ne na biyu a tsawo a ƙasar Indiya bayan Ganga. A gaɓarsa, cikin gundumar Nirmal ta jihar Telangana, akwai wani ƙaramin gari mai suna Basar, kimanin kilomita 200 arewa da birnin Haidarabad. Garin ba shi da girma, amma jirgin ƙasa yana tsayawa a tasharsa, kuma da yawa cikin masu sauka za ku gan su riƙe da hannun ƙaramin yaro.

Abin da ya kawo su shi ne wurin bautar Saraswati, wadda mabiya addinin Hindu suka ɗauka a matsayin abar bautarsu ta ilimi da magana da kiɗa. Wuraren bautar da aka keɓe mata ita kaɗai ba su da yawa a Indiya, shi ya sa Basar ya yi suna. A labarin da masu wurin suke bayarwa, wani malamin zamanin da mai suna Vyasa ne ya zauna nan bayan yaƙin Kurukshetra, babban yaƙin da ke cikin tsohon labarinsu na Mahabharata. Suka ce kullum in ya yi wanka a kogi sai ya ɗebo yashi cikin hannu sau uku ya tara, tarin ukun nan suka zama siffofin Saraswati da wasu abubuwan bautarsu biyu, Lakshmi da Kali. Har sunan garin ma suna cewa daga sunansa ya fito: Vasara, da bakin mutane ya juya shi ya koma Basar.

Bikin da ake zuwa yi sunansa Aksharabhyasam. Akshara na nufin harafi, abhyasam kuma koyo ta hanyar maimaitawa. Ana yi wa yaro ne, mace ko namiji, kafin a sa shi makaranta, yawanci tsakanin shekara biyu da biyar.

Kayan ba su da tsada, kuma duk ana sayar da su a rumfunan bakin hanya: ƙaramin allo baƙi mai katako a gefe, da siririn alli na dutse da suke kira balapam, da garin kurkum, da jan garin nan kumkum da suke ɗigawa a goshi, da kwakwa, da ayaba, da furanni, da ɗanyar shinkafa. Iyali sukan fara da kogi, su yi wanka ko su yayyafa ruwan a ka, sannan a sa wa yaro sababbin kaya. A bar takalma a waje. A yanki tikiti, wanda iri biyu ne, na gama-gari da na musamman mai tsada wanda layinsa ya fi sauri. Hukumar kula da wuraren bauta ta jihar ce ke tafiyar da wurin.

Daga nan sai zauren bikin. Iyalai su zauna a ƙasa sahu-sahu, yaro a kan cinyar mahaifinsa, mahaifiya a gefe. Mai jagorantar ibada, wanda suke kira pujari, yana karantawa da harshen Sanskrit, iyaye suna bi. Za a faɗi sunan yaro da zuriyarsa da tauraron da aka haife shi a kai, don haka uba yakan zo da waɗannan a rubuce, domin mutane da dama kan daburce idan an tambaye su. Da sunan Ganesha, wani abin bautarsu, ake buɗewa, saboda a imaninsu shi ke kawar da cikas daga duk wani sabon aiki. Sai a shafa wa allon kurkum da kumkum.

Yanzu ku lura da hannaye biyu, na uba da na yaro. Uba ya kama hannun dama na yaro, allin yana tsakanin yatsunsu, ya ja shi a hankali su rubuta alamar Om, sautin da suke ɗauka mai tsarki, sannan kalmomin buɗe karatu da masu harshen Telugu, harshen mutanen jihar, suka gada, sannan haruffan farko. Wasu iyalai sukan baza shinkafa a faranti a fara zana harafin da yatsa kafin a taɓa allo. Akwai hikima a cikin wannan. Yatsun ɗan shekara uku ba su yi ƙwarin riƙe alli ba, amma shinkafa ba ta gardama, in layi ya karkace a shafe da tafin hannu a sake. Haruffan Telugu kuwa kusan duk zagayayyu ne. Bayanin da aka fi yi shi ne a da kan busasshen ganyen giginya ake rubutu da tsinken ƙarfe, kuma miƙaƙƙen layi yakan tsaga ganyen. To yaron da ya iya zana da'ira ya riga ya kama hanyar rabin haruffan.

Bayan rubutun, manya su watsa wa yaro shinkafar da aka rina da kurkum a ka, alamar sa albarka. Sai a shiga layin ganin siffar Saraswati, a ɗora allon a gabanta. Siffar a lulluɓe take da kurkum, kuma ana ba masu ziyara ɗan kaɗan daga cikinsa, su kuwa su ɗanɗana wa yaro a harshe da fatan ya yi kaifin ƙwaƙwalwa. Ɗalibai manya ma suna zuwa da littattafai da alƙaluma kafin jarrabawa.

Rubutun kansa 'yan mintoci ne. Matsalolin duk a kewayensa suke.

Ta farko ita ce zaɓen rana. Kowa yana son Vasant Panchami, ranar Saraswati, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ko ranar tauraron Mula cikin bikin Navaratri wajen Satumba zuwa Oktoba, ko Guru Purnima, ranar girmama malamai, a damina. A irin waɗannan ranaku mutane kan kama layi tun kafin asuba, a yi sa'o'i a tsaye. Yaron da aka tasa cikin dare, bai ci komai ba, ga turmutsutsu, in aka iso gaban allo kuka yake, yana fizge hannu. Wannan asara ce, domin manufar bikin ita ce haɗuwar yaro da harafi ta farko ta kasance cikin daɗin rai. Ana yin bikin a sauran ranaku ma, kuma safiyar tsakiyar mako ta fi wa ƙaramin yaro sauƙi nesa ba kusa ba. A ciyar da shi tukuna. A kuma tuna ana rufe ƙofa na ɗan lokaci da tsakar rana, haka nan lokacin husufi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, daɓen dutse kuma yana ƙona ƙafar da ba takalmi.

Ta biyu ita ce kogin, kuma ta fi tsanani. An sha rasa rayuka a mashigar wankan Basar. Matakalar tana da gansakuka mai santsi, ƙasan ruwan ba daidai yake ba, taku biyu daga inda ruwa ke gwiwa sai mutum ya faɗa rami. Kafin kogin ya iso garin da kaɗan, a jihar Maharashtra, akwai madatsar Babli, wadda Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci a 2013 cewa a riƙa barin ƙofofinta a buɗe daga 1 ga Yuli zuwa 28 ga Oktoba. A wannan tsakani ruwa kan ƙaru da sauri ko da ba a yi ruwan sama a Basar ba. Mai yaro ya tsaya a matakalar sama, ya ɗebo ruwa a kofi ya yayyafa masa, ya wadatar.

Taro mafi girma da kogin ke gani shi ne Pushkaralu, bikin wankan ibada a kogin, wanda ake yi duk shekara 12. An yi na baya a 2015, na gaba kuma zai zo a 2027, kuma Basar na cikin mashigan da za su fi cika.