Nicodemus, garin da layin dogo ya tsallake

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Duk wanda ya taɓa buɗe Google Maps ya leƙa tsakiyar Amurka daga sama zai ga wani abu, ƙasar a yanke take murabba'i murabba'i kamar an shimfiɗa tayil, hanyoyi miƙaƙƙu ba lanƙwasa, gona kusa da gona duk girmansu ɗaya. To akwai dalili, kuma daga nan labarinmu na yau zai fara.

A 1785, yaƙin neman 'yanci bai daɗe da ƙarewa ba, gwamnati bashi ya yi mata katutu, ba kuɗi sai ƙasa. Sai majalisa ta yi doka cewa a auna filayen yamma a yanka su a sayar. Kowane yanki mil 6 tsawo mil 6 faɗi, shi ake kira tawunship, wato kamar ƙaramar gunduma. A cikinsa akwai kashi 36, kowane kashi eka 640, kashi na 16 kuwa an ware shi don makaranta tun kafin a kafa ko bukka ɗaya. Daga Ohio aka fara awon, mutane na jan sarƙar ƙarfe mai ƙafa 66 cikin daji. Amma fa a faɗi gaskiya, ƙasar nan da masu ita, 'yan asalin wurin ne aka yi ta turawa gaba da yarjejeniya da kuma bakin bindiga kafin a zo ana awo.

Sai 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata dokar, ita ce ta cika yamma da mutane. Ka biya dala 18 kuɗin takardu, a ba ka eka 160, ka gina wurin kwana ka noma ka zauna shekara 5, shi ke nan gona ta zama taka. Da aka gama yaƙi aka 'yanta bayi suka zama 'yan ƙasa, su ma suka samu damar cin moriyar dokar.

Yanzu mu je jihar Kansas, ƙaramar hukumar Graham, bakin kogin Solomon. A watan Afrilu 1877 wasu mutane suka kafa kamfanin gina gari, cikinsu akwai wani Bature dillalin filaye W.R. Hill, da malaman coci baƙaƙen fata irin su W.H. Smith da Simon Roundtree. Suka sa wa garin suna Nicodemus, suka buga takardun talla suka shiga coci-coci a Kentucky, wajen Lexington da Georgetown, suna cewa ga ƙasa mai albarka can, ku zo ku mallaki naku. Ku tuna su wa ake yi wa wannan magana, mutanen da aka haifa cikin bauta, an ce sun samu 'yanci amma har lokacin noman kashi-mu-raba suke yi a gonar wanda ya mallake su jiya, ga tsangwama ga barazana. Mutum irin wannan ka ce masa eka 160 da sunansa a takarda, ai ba sai ka maimaita ba.

A watan Satumba na shekarar mutum kusan 300 suka taso. Jirgin ƙasa ya sauke su a Ellis, daga nan sai tafiyar mil 30 da wani abu, wasu a keken doki da yawa kuma a ƙasa. Akwai wata mata Willina Hickman da ta zo da ayarin 1878, ita ta ba da labarin da har yau ake maimaitawa. Ta ce tana kwance ba lafiya sai ta ji maza na ihu ga Nicodemus ga Nicodemus, ta ɗago ta duba iya ganinta ba ta ga gari ba, ta tambayi mijinta ina garin yake, sai ya nuna mata hayaƙi na fitowa daga cikin ƙasa nan da can ya ce shi ke nan. Ta fashe da kuka.

Hayaƙi daga ƙasa, saboda wurin fili ne fetal ba itatuwan da za a yi gini da su, sai dai mutum ya haƙa rami a gefen tudu, ya rufe samansa da 'yan sanduna da ciyawa da ƙasa, ya bar ƙofa ɗaya da bututun hayaƙi, nan zai zauna da iyalinsa, in an yi ruwa rufin na zuba, macizai da ƙwari kuwa sai dai haƙuri. Kuma ayarin farko na 1877 sun iso lokacin shuka ya wuce, hunturu na bakin ƙofa, irin hunturun da ƙanƙara ke rufe komai. Wasu tun a makon farko suka juya. Waɗanda suka tsaya, mutanen garin na ba da labarin cewa wasu 'yan ƙabilar Osage, 'yan asalin ƙasar, da suka dawo daga farauta sun raba musu nama, wannan na cikin abin da ya fitar da su. Ni dai duk sanda na zo nan a labarin sai jikina ya yi sanyi, waɗanda aka kora daga ƙasarsu su ne suka ciyar da baƙin da aka kawo.

Amma garin ya tashi. Daga rami aka koma ɗakin da aka yi da yankakkiyar ƙasa mai saiwar ciyawa, ana jera ta kamar tubali, daga nan sai ginin farin dutse da suke fasawa a kusa. Z.T. Fletcher ya buɗe shago da gidan waya, daga baya ya gina otal ɗin St. Francis, matarsa Jenny ta fara koyar da yara tun ana cikin rami. Zuwa tsakiyar shekarun 1880 akwai coci-coci, shaguna, banki, da jaridu har biyu, Western Cyclone da Nicodemus Enterprise, mutane sun kai ɗaruruwa a garin da gonakin kewaye, baƙi da farare na kasuwanci a layi ɗaya. Wani mazaunin garin Edward McCabe ma a 1882 aka zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas gaba ɗaya, shekara 17 kacal bayan soke bauta.

To sai maganar jirgi. A wancan zamani manomi in ba tasha kusa da shi, alkamarsa da masararsa kuɗin dako ne zai cinye ribar, don haka kowane ƙaramin gari roƙon kamfanonin jirgi yake. A 1887 mutanen tawunship ɗin Nicodemus suka kaɗa ƙuri'a suka amince su ci bashin dala 16,000 don jawo kamfanin Missouri Pacific. Bai zo ba. Sai aka sa rai da Union Pacific, shi kuma a 1888 ya shimfiɗa layinsa ta kudancin kogi, 'yan mil kaɗan daga garin, ya kafa sansanin ma'aikata wanda ya zama garin Bogue. 'Yan kasuwa suka fara kwashe kaya, wasu har ginin shagon suka ɗaga suka tsallaka da shi. Ba gobara ba annoba, layi kawai aka ja a wani wurin. Kuma ba Nicodemus kaɗai ba, garuruwa da yawa a Kansas da Nebraska da Dakota haka suka mutu a tsaye, shi ya sa in kun duba taswira za ku ga waɗanda suka rayu a jere suke a kan layin dogo kamar carbi.

Manoman dai sun zauna, don gonar tasu ce. Sai shekarun 1930 suka zo da karyewar tattalin arziki da fari da guguwar ƙura mai rufe rana, matasa suka yi ta tafiya Denver da Kalifoniya neman aiki. A cikin wannan wahalar ne, 1939, aka gina zauren taron tawunship da farin dutsen wurin ƙarƙashin shirin gwamnati na samar da aikin yi, mutanen garin ne suka yi aikin da hannunsu. Gidan waya ya rufe a 1953. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 14 a garin.

A 1996 majalisar Amurka ta sa Nicodemus cikin wuraren tarihi na ƙasa, gine-gine 5 ake kula da su, coci biyu, makaranta, otal ɗin Fletcher da zauren nan. Kuma bikin tunawa da 'yanci da suka fara tun 1878 bai tsaya ba, duk ƙarshen watan Yuli jikoki da tattaɓa-kunne na waɗancan mutanen ramin suna cika mota daga jihohi daban-daban su dawo, a yi fareti a ci abinci a yi addu'a a coci, a je maƙabarta a nuna wa yara kabarin kakanninsu, garin mutum 14 ya koma na ɗaruruwa na kwana uku.