Titin Chahar Bagh na Isfahan, da ƙafa har bakin kogi

Assalamu alaikum jama'a. Yau ga ni a Isfahan ta ƙasar Iran, kan titin Chahar Bagh, kuma da ƙafa za mu taka shi har bakin kogi.

Shah Abbas na ɗaya ne ya sa aka shimfiɗa shi, lokacin da yake ɗauke fadarsa daga Ƙazwin zuwa nan, wajajen 1598. Don shan iska aka yi shi. Ruwa na gudu a magudana ta tsakiya, manyan itatuwa masu inuwa da ake kira chinar hagu da dama, bayansu lambunan manyan fada. La'asar na yi sai masu hannu da shuni su fito bisa dawakai, a ga juna a gaisa.

Ku dubi ƙubbar can mai shuɗin ado. Makaranta ce ta zamanin Shah Sultan Husaini, an gama ta wajen 1714. Dabarar da ke bayanta ce ta fi burge ni: mahaifiyar sarkin ta gina masaukin fatake a gefe ta yi waƙafinsa, kuɗin da ya shigo shi ke riƙe ɗalibai. Masaukin nan shi ne otal ɗin Abbasi na yau. A 1722 Afganawa suka ci garin, daga baya kuma gwamna Zillus Sultan ya rushe gine-gine da dama na Safawiyya, wato daular su Shah Abbas, abin takaici wallahi.

Motoci sun daɗe suna cin karensu babu babbaka a nan, sai 'yan shekarun nan aka hana su wannan sashe. Jirgin ƙasa na bi ta ƙarƙashinmu, sama kuwa ga iyalai, ga masu keke, ga shagunan gaz, alewar garin mai fistashiyo. Duk wanda ya yanke shawarar nan ya kyauta.

To ga gadar Si-o-se-pol, baka 33, aikin Allahwardi Khan, babban kwamandan yaƙin Shah Abbas, an kammala ta a 1602. Amma ku leƙa ƙasa. Babu ruwa. Kogin Zayanderud yakan yi watanni a bushe: ga fari, ga ruwan da ake ja zuwa birnin Yazd, ga masana'antun ƙarfe. A Nuwamban 2021 manoma sun yi zaman dirshan a cikin busasshen kogin nan suna neman haƙƙinsu, kuma ni dai ina ganin da gaskiyarsu. Bari in sauka ku ga yadda ƙasar ta tsattsage.