Wa Ya Ɗora Duwatsun Dalar Giza?

Jama'a, ku dubi wannan gini da kyau. Babbar dalar Giza ke nan a Masar, wadda aka gina wa Fir'auna Khufu kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Tsayinta na asali mita 146, duwatsun jikinta kuwa sun kai miliyan 2 da dubu 300. Duk wanda ya tsaya a gindinta sai ya riƙe baki.

A 1968 wani marubuci ɗan Suwizalan, Erich von Däniken, ya fitar da littafi yana cewa mutanen wancan zamani ba su isa su yi wannan aiki su kaɗai ba, wai wasu halittu ne suka sauko daga sararin samaniya suka kama musu. Littafin ya yi kasuwa sosai. Da a wajenmu ne sai a ce aikin aljanu. Duk kanwar ja ce: an ga abin mamaki, an rasa bayani, sai a jingina shi ga wanda ba a gani. Haka Bajamushe Leo Frobenius ya yi a 1910 da ya ga sassaƙen kawunan Ife, ya ce ai ragowar Atlantis ce, wata ƙasar almara da aka ce teku ya haɗiye, don ya kasa yarda Yarabawa ne suka ƙera.

To, ga abin da ƙasa ta tona. A 2013, a Wadi al-Jarf da ke gaɓar Bahar Maliya, masu bincike ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet suka tsinci tsofaffin takardu. A ciki har da kundin wani shugaban ma'aikata na zamanin Khufu mai suna Merer. Bawan Allahn nan rana-rana yake rubuta aikinsa: yaushe suka yi lodin farin dutse a mahaƙar Tura, yaushe jirgin ruwansu ya bi kogin Nilu, ina suka kwana, yaushe suka sauke a Giza. Kamar dai littafin ɗan kwangila.

Kudu da dalar kuma an tono unguwar ma'aikata, da wuraren gasa burodi da tulin ƙasusuwan shanu da tumakin da suka ci. A kaburburansu an samu waɗanda suka karye aka yi musu ɗori, ƙashi ya kama.

Ni abin da ya fi gamsar da ni ma kuskuren maginan Masar ne. Ku kalli wata dala da ke Dahshur, kudu da Giza, ta Sneferu mahaifin Khufu. An fara ta a miƙe sosai, wajen digiri 54, ana tsakiyar aiki aka rage zuwa 43, ta fito a tanƙware. Wanda ya ƙetaro taurari zai rikice a lissafin gangare? Wannan hannun magini ne da ke koyo.

Ba wai an gama sanin komai ba. Har gobe masana na jayayya kan irin tudun da aka bi aka hau da duwatsu can ƙololuwa. A 2017 na'urori suka nuna wani babban rami a cikin dalar Khufu, tsawonsa aƙalla mita 30, ba a kuma san amfaninsa ba. A 2023 aka zura 'yar kyamara ta tsakanin duwatsu a fuskar arewa, sai ga wani lungu daban mai tsawon mita 9. Aka haska, fayau, dutse ne kawai sama da ƙasa.