Yaɓen cikin hanyar iska da aikinsa na kare huhu

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da iyayenmu mata da ke can baya, sannunku da zuwa.

Babban mutum yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kowace rana, kuma kun san irin iskar garuruwanmu: ƙura, hayaƙin babur, ƙwayoyin cuta. To me ya hana mu kwanciya ciwo kullum?

Tun daga hanci har cikin rassan huhu akwai wani siririn yaɓe na ƙwayoyin halitta. An daɗe ana yi masa kallon yaɓen bango, wanda aikinsa tare hanya kawai. Ashe ma'aikata ne cike a wurin. Wasu ƙwayoyin suna fitar da majina, ita kuma ta kama ƙura kamar danƙo. Wasu suna da 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, suna kaɗawa wajen sau goma a daƙiƙa ɗaya, suna turo majinar zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu ma sani ba. Dare da rana ake wannan shara.

Majinar da muke ƙyama ma magani ce. A 1921 Alexander Fleming, wanda daga baya ya gano fenisilin, yana fama da mura a Landan, sai ya ɗiga majinarsa a faranti mai ƙwayoyin cuta, ya ga suna narkewa. Sinadarin da ya gano ke nan, laisozaim, kuma yana cikin hawayenku yanzu haka.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan. Idan ƙwayar mura ta shigo, waɗannan ƙwayoyin yaɓe ne ta fara shiga, kuma su ne suke fara yekuwa. Suna sakin wani sinadari, intaferon, wanda aka gano a 1957, ya gargaɗi maƙwabtansu su rufe ƙofa, sannan su kira fararen ƙwayoyin jini. Yaɓen nan shi ne mai gadin da yake kiran dakarun garkuwar jiki. In kiran ya makara, cutar ta samu gindin zama. In kuma ya yi yawa a kan abin da bai kai ba, kamar ƙurar ɗaki, sai bututun iska ya kumbura ya matse. Haka asma take a mutane da yawa. Shi ya sa a ƙarshen 2021 Amurka ta amince da wata allurar asma, tezepelumab, wadda take toshe ɗaya daga cikin saƙonnin da yaɓen yake aikawa.

Yanzu ku dawo gida, lokacin hunturu, sa'ad da iska take ɗebo ƙura daga kwarin Bodele a Chadi, leɓe ya tsage, hanci ya bushe. A 2019 masana a Jami'ar Yale sun ajiye ɓeraye a busasshiyar iska, suka ga sharar nan ta ragu, yekuwar intaferon ta yi rauni, mura ta fi kayar da su. Sanƙarau ma a watannin ƙura da fari yake tashi a yankinmu, kuma masana suna danganta hakan da lahanin da bushewa take yi wa yaɓen hanci da maƙogwaro.

Abin da ya fi damuna shi ne hayaƙi. Hayaƙin taba yana kashe wa gashin nan jiki, na itace ma yana cutar da yaɓen. Iyayenmu mata, don Allah, idan za a hura wuta da goyo a baya, a fito da murhu tsakar gida, inda iska take kaɗawa.