Dihe da ciyawar teku: wanne ne mai aidin?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanakin nan duk wanda ya buɗe TikTok ko WhatsApp ya ga wannan kwalba mai abu kamar kamu, wai ciyawar teku ce, tana gyara fata, tana maganin maƙoƙo. Sai ga wasu namu a Njamena da Kusseri suna cewa ai mu ma Allah ya ba mu, ga dihe nan. Kore ne, a ruwa yake fitowa, shi ke nan an ɗaura musu aure.

To, ku tsaya.

Ga ciyawar teku ta gaske. Akwai ja, ita ake nomawa a gabar Zanzibar da Indunusiya, ana fitar da karajinan daga jikinta, sinadarin da ke sa man goge baki ya kama jikinsa. Akwai kuma mai ruwan ƙasa-ƙasa, sinadarin aljinet take bayarwa. Yana cikin Gaviscon na ƙwannafi, yana cikin audugar da ake rufe gyambo da ita saboda yana tsotse ruwan ciwo, shi ne kuma abin da ke daskarewa a fuska a shagon kwalliya. Riƙe danshi yake yi, ba ya sauya launin fatar kowa. Hajiya, a yi haƙuri.

Yanzu ga dihe. Ku dubi tafkin nan na yankin Kanem a ƙasar Chadi. Wannan koren da ke saman ruwa ba ganye gare shi ba, ba saiwa. Ƙwayoyin halitta ne 'yan mitsi-mitsi dangin bakteriya, waɗanda duniya ta sani da sunan sifirulina. Ruwan kanwa suke so, irin wanda yawancin halittu ba sa iya zama a ciki. Matan Kanembu su kwaso, su zuba a ramin yashi, ruwa ya tsane, rana ta busar, a yanka. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ga dihe a kasuwar Fort-Lamy (Njamena ta yau) a 1964, daga nan labarinsa ya bazu a Turai. Su kuwa matan sun daɗe suna miyarsu.

Nan ne ake ruɗewa, don haka bari in sassauta.

Maƙoƙo, galibi, rashin sinadarin aidin (iodine) ke kawo shi. Akwai wata tsoka a gaban wuya, tayirod, da ke buƙatar aidin don ta yi aikinta. In ta rasa sai ta kumbura. Babban mutum na buƙatar kamar maikrogiram 150 a rana, abin da da ƙyar ido yake gani.

Ina aidin yake taruwa? A teku. Ruwan teku na ɗauke da shi kaɗan-kaɗan, ita kuma ciyawar nan mai ruwan ƙasa tana zuƙe shi tana tarawa, har abin da ke jikinta ya ninka na ruwan sau dubbai. Daga tokarta ma aka fara gano aidin, a Faransa, a 1811.

Ku sake duban tafkin Kanem. Ina teku a nan? Daga nan zuwa Duwala da ke bakin teku tafiya ce ta sama da kilomita 1,000. Kanwa ce ta cika ruwan, kuma dihe ba ya tara aidin kamar waccan. Ɗan abin da ke cikinsa bai kai a dogara da shi ba. Mai maƙoƙo da ya koma shan dihe safe da yamma, ya ci abinci mai kyau, amma wuyansa na nan yadda yake.

Ni dai ba na raina dihe. Fiye da rabin nauyin busasshensa furotin ne, ga sinadarin ƙarfe mai taimakon jini. Takaicina shi ne a bar abin da yake da shi, ana tallarsa da abin da ba shi da shi.

Waccan ta kwalba ma ba a shan ta kai tsaye. Aidin ɗinta ba awo gare shi ba, wata kwalbar kaɗan, wata ya wuce kima, kuma in ya yi yawa shi ma yana rikita tayirod. Mai juna biyu da mai shan maganin tayirod su tambayi likita tukuna.

Aidin mai awo kuwa yana kicin ɗinku: gishirin leda da aka rubuta "iodé" a jikinsa. A rufe shi, kada a bar shi a rana ko a danshi. Wanda wuyansa ya riga ya kumbura, asibiti zai je a auna jininsa, don ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba.