Yadda ake hana tsohuwar motar rimot tsalle-tsalle

Jama'a, ku kalli abin da zai faru idan na ɗaga motar nan kamar taƙi guda daga kan tebur na sake ta. Ɗaya, biyu, uku. Sau uku ta yi tsalle kafin ta natsu. Wannan ita ce Grasshopper ta kamfanin Tamiya na ƙasar Jafan, wadda ta fito a 1984, kuma ma'anar sunan nata fara, ƙwaron nan mai tsalle. Wanda ya raɗa mata sunan ya san abin da ya ƙera.

Dalilin tsallen ba ɓoyayye ba ne. Abin da kuke gani a kan ƙafafunta ya yi kama da shokozoba, amma ba mai a ciki, sifirin ne kawai da ɗan sanda. Shi kuwa sifirin ba ya riƙe amana. Duk ƙarfin da ka danna masa, nan take yake mayar maka da abinka. Taya ta hau dutse, sifirin ya matse, ya sake buɗewa, ya wurga motar sama. Tayar da ke iska kuma ba ta tuƙi, ba ta juya kan mota.

Shokozobar da ke aiki da mai daban take. A cikinta akwai fistin mai 'yan ƙananan huji, yana kai da komo cikin mai. Tilas man ya ratsa ta hujin nan, kuma ba ya ratsawa da gaggawa. Wannan jan ƙafar da man ke yi ita ce ke cinye ƙarfin da sifirin ke son mayarwa. Sifirin ke ɗauke da nauyin mota, mai ke hana shi rawar kai. A shekarar da Grasshopper ta fito, kamfanin Associated na Amurka ya fitar da RC10 mai shokozobar mai a ƙafa huɗu, kuma ita ta ci gasar duniya a 1985. Tun a wancan lokacin an san maganin, tsada ce kawai ta sa ba a saka shi a motar 'yan koyo ba.

To amma kada ku yi saurin sayen kaya. Ku fara cire tsofaffin shokozobar, ku ɗaga hannun da ke riƙe da taya, ku sake shi. Ya kamata ya faɗo da kansa. Idan ya maƙale a hanya, akwai datti, ko tsatsa, ko fil ɗin da yake juyawa a kai ya lanƙwashe. A wanke, a miƙe, ko a canja. Shokozoba komai tsadarta ba ta gyara hannun da ya cije. Tunda an riga an kwance, a cire bushin ɗin roba na tayoyi a sa boris, girmansu milimita 5 a ciki, 11 a waje.

A nan zan ɗan tsaya, don a nan ake yawan ɓarna. Robar da ta shekara arba'in ta bushe, ba ta da haƙurin da take da shi a da. Sukurorin Tamiya kuma irin na Jafan ne, ana ce musu JIS, sun yi kama da mai kan gicciye na yau da kullum amma ba ɗaya ba ne, sukudireban da bai dace ba sai ya cinye kan. In za ku mayar da sukuru cikin roba, ku fara juya shi baya a hankali har ku ji ya ɗan faɗa cikin tsohon zarensa, sannan ku ɗaure. Da ya tsaya, ku tsaya. Kuma ruwan nan da ake ɗiga wa sukuru don kada ya kwance, kada ya taɓa robar, yana tsattsaga ta.

Sai awo. A auna tsohuwar shokozoba daga tsakiyar hujin sama zuwa tsakiyar hujin ƙasa, a miƙe da kuma a matse. Wadda ta yi tsawo tana tura hannun ƙasa fiye da kima, wadda ta yi gajarta tana hana taya bin rami. Ni na fi son shokozobar mai ta Tamiya da ake kira CVA. Ta roba ce, ba ta ƙyalli kamar ta alminiyom, amma ba ta da nauyi kuma tana riƙe mai. Sau da yawa mai ƙyallin nan mara suna, mako guda sai ka ga tana zufa. A ƙafafun baya aikin da sauƙi. A na gaba sai an ƙara ɗan maɗauri, domin asalin ƙirar ba ta bar wurin shokozobar mai ba. Ku nemi maɗaurin da ke amfani da hujin da ke akwai. Ni dai ba na huda tsohuwar mota, huji ba ya komawa.

Yanzu zuba mai. Man silikon ake amfani da shi, saboda zafi da sanyi ba sa canja kaurinsa sosai. Lambar da ke jikin kwalba kaurinsa take nunawa, in ta yi sama man ya yi kauri. Ga mota mara nauyi irin wannan, lamba 300 ko 400 a ma'aunin Tamiya ya isa, da fistin mai huji biyu. A shafa ɗan mai a zoben roba kafin a zura sandar, don kada zaren ya yage shi. A ja sandar ƙasa, a cika, a motsa fistin sama da ƙasa sannu a hankali. Kun ga kumfar da ke tasowa? Iska ce, kuma ita ce abokiyar gaba, domin iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. A jingine ta kamar minti goma. Na san hannu na ƙaiƙayi, a yi haƙuri. Sannan a ɗora 'yar hular roba, a goge wanda ya malalo, a ɗaure murfi. Kada a kama sandar da filaya tsirara, ƙarzani ɗaya ya isa ya sa ta yoyo har abada. Ta hagu da ta dama kuma tsawonsu ya zo ɗaya.

Maganar sifirin, mutane na ɗauka mai tauri shi ne na tsere. A kan turɓaya da tsakuwa, mai laushi ya fi. Ga wani abu kuma: an ƙera motocin nan ne don batir mai bolt 7.2 na da, mai nauyi. Wanda ya koma batirin zamani mara nauyi da ake kira LiPo ya rage mata nauyi, don haka sifirin da ya dace jiya yau ya yi mata tauri. 'Yan zobban da ake cusawa a saman sifirin ba sa ƙara masa tauri, tsayin mota daga ƙasa kawai suke canjawa. A daidaita su yadda in an ajiye mota da batirinta za ta ɗan zauna, kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyar shokozobar, don taya ta sami sararin sauka cikin rami.

Kada in yi muku alkawarin da ba zai cika ba. A Grasshopper, injin da akwatin giya duk a kan sandar tayoyin baya suke, suna hawa da sauka tare da ita. Wannan nauyin ba man da zai ɓoye shi gaba ɗaya, bayanta zai ci gaba da ɗan harbi a gargada. Ba za ta zama RC10 ba, kuma da ta zama, da ba ita ba ce.

Tsofaffin kayan da aka cire a zuba su a leda, a rubuta sunan motar a jiki, masu tara irin waɗannan motoci suna son a iya mayar da su yadda suka fito.

Bari mu sake gwajin farko. Taƙi guda daga kan tebur, na sake ta. Ta sauka, ta ɗan durƙusa, ta miƙe, ta tsaya cak. Idan taku ta sake tsalle, man ya yi ruwa ko sifirin ya yi tauri. Idan cikinta ya bugi tebur, a ƙara kaurin mai. Idan ta miƙe da ƙyar kamar mai ciwon baya, a rage. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a sake gwadawa.